Farfesan Rumfar Tsuntsu

Ku 'ya'yana kun tashi kun ji ana kirana Farfesa, kuma na ga alama wasunku sun fara gaya wa nasu 'ya'yan wai kakansu ya taɓa koyarwa a wata babbar makaranta. Rannan wata jikata ta ritsa ni a zaure tana tambayata ina na ajiye baƙar rigar nan da hula mai jela. To tun da sauran numfashi, gara in gyara zancen da hannuna. Ban wuce aji shida na firamare ba, shi ma ajin shidan rabinsa a bakin kogi na yi shi. Sunan nan a fadama na samo shi, a kan rumfar tsaron tsuntsu, kuma ta hanyar da ba ta dace ba. Duk da haka, in aka ce in zaɓi damina ɗaya a rayuwata in sake yin ta, waccan zan zaɓa ba tare da na tsaya shawara ba.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane. Gonar shinkafar da mahaifinmu ya bari a fadamar Haɗeja an raba mana ita biyu, ni da Baffanku Garba, wanda nake ce wa Yaya. Tawa ce ta sama, tasa ta gangare, jinga ɗaya ce a tsakani, wato tudun ƙasar nan da ke tare ruwa. Wata shekara kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kwanta a gonata har yana neman shanye kan shinkafa. Da sassafe na ɗauki fartanya na sare jingar. Ruwan ya zurare ya koma gonar Yaya, tawa ta tsira, tasa ta ruɓe ƙurmus. Da manya suka zauna a kan maganar, na dubi tsabar idonsu na ce gafiya ce ta yi rami ruwa ya bi. Yaya ya daɗe yana kallona, sannan ya ce:

"To, tunda gafiya ce, shi ke nan. Wa zai kai ƙarar gafiya?"

Daga ranar ya ɗauke mini wuta. Yaya mutum ne mai karatu, ya san hukuncin ƙaurace wa ɗan'uwa, don haka bai taɓa daina yi mini sallama ba. In mun haɗu zai ce salamu alaikum, in amsa, ya wuce abinsa. Ko ina kwana babu. Shekara goma sha ɗaya iyakar abin da ke shiga tsakaninmu ke nan, a suna, a ɗaurin aure, a maƙabarta. Ni kuwa ina son yayana, ban ga abin ɓoyewa ba. Shi ya koya mini iyo, shi ya koya mini jefa birgi, ragar nan ta kamun kifi, shi ya tsaya mini a neman auren uwarku. Babu abin da nake ƙwaɗayi a duniya irin ya kira sunana ya yi mini hira, amma girman kai da kunya suka haɗu suka ɗaure mini baki.

Daminar da nake ba ku labari, shinkafa ta yi kyau har ana zuwa kallo. Tana fitar da kai ta fara nono, sai ga jan-baki. Ku da kuka zama 'yan birni wataƙila kun manta da su, tsuntsaye ne 'yan mitsi-mitsi da ke kwana a cikin kacalla, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, su taso da safe kamar hadari, in suka sauka a gona kafin ka ɗaura wando sun tsotse ta. Maganinsu ɗaya ne, mutum ya kafa rumfa mai dogayen ƙafafu a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa ya rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ya hau ya zauna tun fitowar rana har faɗuwarta, yana ja yana ihu. Kusan kwana arba'in ake yi a haka. Ku mazan duk kun watse neman abinci, ɗan Yaya guda ɗaya ma yana Birniwa wurin aiki, sai ya zamana mu tsofaffin biyu ne a sama, kowa a rumfarsa, tsakaninmu bai fi taku sittin ba. Da safe sallama, da yamma sallama. Tsakaninsu kuwa sai ƙarar gwangwani.

Ana cikin haka autarku Bilkisu ta zo hutu daga makarantar jinya. Ta kai mini fura gona ta tarar ina hira da ƙadangare, sai tausayina ya kama ta. Washegari ta zo da wata 'yar sifika baƙa mai kamar ƙoƙo, da memori a cikinta.

"Baba, na zuba maka wani shiri. Fodkas ake ce masa. Kacici-kacici suke yi, za ka sha dariya."

"Wace tasha ce?"

"Ba tasha ba ce, Baba. An riga an naɗe shi, duk yana ciki. Nan za ka danna ya fara, nan ya tsaya, nan gaba, nan baya."

Na ce to, amma ni dai wurin kunnawa kawai na riƙe, sauran bayanin ya bi iska.

Ranar farko da na kunna shi, na kusa faɗowa daga rumfa. Mutum biyu ne ke gabatarwa, namiji da mace. Namijin na sa masa suna Mai Ƙararrawa, don in mutum ya ba da amsa daidai sai ya kaɗa wata 'yar ƙararrawa ya ce ka ci. Macen kuwa Uwar Dariya, don ita tun kafin a gama tambaya ta fara ƙyaƙyatawa. Suna gayyato baƙi biyu, su jefa musu tambaya da zaɓi uku, su ba su ɗan lokaci. Wanda ya faɗi sai a sa shi ya yi kukan akuya. Babu kyauta, babu komai, sai raha. Kuma tambayoyin ba na 'yan boko zalla ba ne. Sauro mace ce ke cizo ko namiji? Ruwa ne a tozon raƙumi ko kitse? Jemage ƙwai yake yi ko haihuwa? Sai na ji kaina ina ba su amsa da ƙarfi, ina zagin baƙon da ya tsaya inda-inda. Ashe ihun da nake yi ma ya isa ya kori tsuntsu, sai na ƙure muryar sifikar na rataye ta a ƙafar rumfa. Kullum da hantsi, in farmakin safe ya lafa, sai in kunna guda ɗaya. Yaya yana can ya juya mini ƙeya kamar bai san ana yi ba.

A rana ta biyar ne Mai Ƙararrawa ya yi tambayar da ta buɗe mana ƙofa. Ya ce wane kifi ne ke shiga cikin taɓo ya yi rani a bushe, yana shaƙar iska, har ruwa ya dawo? Tarwaɗa, ko karfasa, ko gaiwa? Baƙon, wani ɗan gayu da muryarsa ta nuna bai taɓa taka taɓo ba, ya yi ta nishi yana cewa jikinsa na ba shi karfasa ce. Kafin in buɗe baki, sai na ji an daka tsawa daga gangare:

"Gaiwa ce, kai ɗan nan! Karfasa a taɓo? Wa ya haife ka?"

Ƙararrawa ba ta kaɗa wa baƙon ba, ya yi kukan akuya, Uwar Dariya ta kusa shiɗewa. Ni kuwa na daskare da igiya a hannu. Na waiwaya a hankali. Yaya ya miƙe tsaye a kan rumfarsa, hula ta karkace, yana nuna sifikar da yatsa. Da ya ankara da abin da ya yi sai ya koma ya zauna, ya shiga gyaran igiyar da babu abin da ya same ta. Shekara goma sha ɗaya rabon da in ji muryar nan ta faɗi wani abu ban da sallama. Da yamma ban san lokacin da na iso gida ba, na shiga ina kiran uwarku tun daga zaure, bakina har kunne.

"Ya yi magana. Wallahi Yaya ya yi magana."

"Da kai?"

"Da gaiwa. Amma ina wurin."

Ta dube ni ta girgiza kai, ta ce Allah ya sa ɗorewa, ta ci gaba da tankaɗenta. Amma na ga ta juya tana share ido da bakin zane.

Daga nan abu ya kankama. Da farko Yaya da sifikar yake magana, ba da ni ba. In na ba da amsa ba daidai ba, sai ya ce wa iska, wasu dai da sun yi shiru da ya fi musu. Bayan kwana biyu ya koma cewa, mai rediyo a ƙara murya. Shi a tunaninsa rediyo ce, kuma mutanen nan a daidai lokacin suke zaune a wata tasha suna magana, tunda kullum da hantsi suke zuwa. Ban gyara masa ba, don ni kaina ban ɗauki bambancin a bakin komai ba. Kafin mako ya zagayo mun koma gasa sosai. Mai Ƙararrawa zai jefo tambaya, ni in ƙwala tawa amsar, Yaya ya ƙwala tasa, mu yi tsit muna jiran hukunci, wanda ya faɗi ɗayan ya yi masa kukan akuya daga rumfarsa. Ku yi tunanin Baffanku, mutumin da liman ke ba wa jan salla in ya yi tafiya, yana kukan akuya a tsakiyar fadama. Ina kwana ina Allah-Allah gari ya waye. Uwarku ta ce tun muna ango da amarya ba ta ga na yi ɗokin fita irin haka ba.

Matsala ɗaya ce, Yaya yana lallasa ni. A tambaya goma, ya ci bakwai ni in ci uku, ukun ma biyu canki-canki ne. Shi ya san ƙasashe huɗun da suka kewaye tafkin Cadi, ya san gizo-gizo ƙafa takwas gare shi, ni ina can ina rantsuwa shida ne. Kuma tun muna yara haka abin yake, shi ne mai kai, ni ne mai ƙarfi. Raina ya fara sosuwa. Wata rana bayan magariba ina goge wa sifikar taɓo a tsakar gida, yatsana ya danna wani wuri, sai ga Mai Ƙararrawa yana sallama da sababbin baƙi. Na saurara. Shirin gobe ne. A nan bayanin Bilkisu ya faɗo mini, ashe duk suna ciki a jere kamar buhuna a rumbu. Na san ya kamata in kashe. Na ce bari dai in ji tambaya ɗaya. Sai da na ji goma, na koma baya na sake.

Uwarku tana gefe tana gyaran kifi, ta ce:

"Malam, wannan ai satar amsa ce."

"Nazari ne."

"To Allah ya ba da sa'ar nazari. Mutumin nan da ƙyar bakinsa ya buɗe. In ya gano, ni dai babu ruwana."

Na ce mata ta bar maganar maza ga maza. Ta ce ta bari.

Washegari aka tambayi wane tsuntsu ne idonsa ya fi ƙwaƙwalwarsa girma. Kafin a gama jero zaɓi na ce jimina. Aka tambayi ƙashi nawa ne a wuyan raƙumin dawa, Yaya ya ce ai ba zai gaza ashirin ba, ni na gyara zama na ce bakwai ne, daidai da na ɗan Adam. Ƙararrawa ta kaɗa. Yaya ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. Daɗin da na ji ranar, in na ce muku zan iya kwatanta shi na yi ƙarya. Kuma na iya shirya abina, kullum sai in faɗi ɗaya ko biyu da gangan, in yi tsaki, in dafe kai, don kada a ce abin ya yi yawa. Labari ya bazu a fadama. Maƙwabtan gona suka fara barin rumfunansu da hantsi suna taruwa a gindin tawa, masunta ma in sun fito da kwalekwale sai su ɗaure su tsaya. Ranar da na ce asalin rogo da masara daga Amurka aka kawo su, ana ta musu har ƙararrawa ta raba gardama, wani ya cire hularsa ya jefa sama ya ce ashe Farfesa muke zaune da shi ba mu sani ba. Sunan ya bi ni har kasuwar kifi. Kaina ya kumbura, tafiyata ma ta canza.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi faranta mini ba. Wata yamma muna sauka daga rumfa, maimakon sallama kawai, sai Yaya ya tsaya a bakin jinga ta ɓangarensa ya ce:

"Hamisu."

Na tsaya cak.

"A ina ka san zancen raƙumin dawan nan?"

"A yawon duniya, Yaya."

"Ashe na daɗe ina raina ka. Allah ya ƙara basira."

Ya kira sunana. Na taho gida ina magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓe, har mai keke ya kusa kwashe ni a kan titi. Daga ranar muka fara 'yar hira ta kan jinga, farashin taki, ciwon baya, wa ya rasu wa ya haihu. Abin da na yi shekaru ina roƙon Allah ya zo, kuma na san sarai a kan me ya tsaya, amma na ture tunanin gefe.

Uwarku ce ta dawo mini da shi. Ashe ita da matar Yaya ba su taɓa yanke zumunci ba, a wurin injin casar shinkafa suke haɗuwa su yi hirarsu. Wata rana ta dawo daga can ta ajiye kwando ta zauna, ba ta ko cire mayafi ba.

"Ka san abin da Yayanka ke yi? Kullum in ya koma gida sai ya ɗauki rediyonsa yana murɗawa, yana neman tashar nan taku. Ya sayi sabon batir, ya ɗaura waya a kan darbejiya, sau biyu yana kai ta wurin mai gyara. Wai so yake ko maimaici ya samu ya ƙaru, don kada ƙaninsa ya yi masa nisa."

Na yi dariyar yaƙe.

"Ban gama ba. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci ya tara mutane yana ce musu Farfesan nan da kuke ji ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce Allah ya ba shi kai, mu ne ba mu kai shi makaranta ba."

Na ture tuwon ranar gefe. A zuciyata na ga dattijon nan zaune yana murɗa rediyo yana neman abin da babu shi, na gan shi yana alfahari da ni a gaban jama'a, sai na ji na tsani kaina. Sau biyu ke nan ina cin amanarsa, kuma duka biyun a gona ɗaya. In na yi shiru, hira za ta ci gaba, sunana zai ci gaba da fita daga bakinsa. In na faɗa, wataƙila in koma inda na fito. Kwana biyu ina jujjuya abin, rana ta uku na bari aka gama shiri jama'a suka watse, na sauko da sifikar a hannu na haura jinga. Rabona da taka gonar Yaya tun shekarar ruwa.

Na tsaya a gindin rumfarsa na ce ina so in nuna masa wani abu. Na danna baya. Mai Ƙararrawa ya sake yin tambayar da ya yi ɗazu, baƙon ya sake faɗuwa, Uwar Dariya ta sake dariyarta sak. Na danna gaba, shirin gobe ya fara. Na kashe. Yaya ya ce:

"Wato ba yanzu suke magana ba."

"A'a, Yaya. An riga an naɗe."

"Kai kuma kana ji kafin ka zo."

"Ina ji."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar jimina."

Ya sauko a hankali, ya saka takalmansa, ya karkaɗe riga. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Na gaya wa mutane a masallaci," in ji shi.

Ya kama hanyar gari da rana tsaka, ya bar shinkafarsa ga tsuntsu. Bai yi mini sallama ba. Ita ma ɗin da na raina shekara goma sha ɗaya, ranar na rasa ta.

Washegari bai zo ba. Jan-baki kuwa ba ruwansu da rigimar 'yan'uwa, suka taso daga kacalla suka rufe sama. Na gwada tsare gona biyu, in ja igiyata in ruga in ja tasa, amma mai shekara sittin da ɗoriya ba ya tsere da tsuntsu a cikin taɓo. Kafin hantsi na gane dole in zaɓi ɗaya. Na hau rumfar Yaya na zauna. Daga can ina kallo suna sauka a gonata suna tashi, suna sauka suna tashi, shinkafar da na yi wata huɗu ina wahala a kanta tana komawa ƙaiƙayi a tsaye. Raina ya yi zafi, kada ku ɗauka waliyyi ne ubanku, har zagi na yi. Amma ban sauko ba. Masu zuwa jin shiri da suka zo, na gaya musu gaskiya da bakina. Suka yi dariya har da masu riƙe ciki, kuma maimakon sunan ya mutu sai ya ƙara kama ni, sai dai yanzu da wata manufa. Kun ji asalin Farfesanku. Kwana uku na yi a rumfar nan, sifika tana aljihu ban kunna ba. Fiye da rabin gonata ya tafi, shekarar sai da muka ci tuwon masara har muka gaji, kuma uwarku ba ta taɓa yi mini gori a kai ba ko sau ɗaya.

Rana ta huɗu da hantsi na hango shi tafe a kan jinga, yana dogara sanda. Ya tsaya a gindin rumfa ya yi sallama, na amsa. Ya hawo ya zauna a gefena, kafaɗarsa na taɓa tawa. Sannan ya ce:

"An ce ka bar taka tsuntsu ya cinye."

"Haka ne."

"Wauta ce. To ni ma na zo da tawa tambayar. Wannan ba ta cikin abin naka, ba ka da inda za ka saurara tukuna."

Na san inda ya dosa. Ya gyara murya, ya kwaikwayi Mai Ƙararrawa, amma babu wasa a fuskarsa.

"Shekarar ruwa, me ya fasa jingar nan? Na ɗaya, gafiya. Na biyu, ruwa ne ya fi ƙarfinta." Ya tsaya. "Na uku."

Bai faɗi na ukun ba. Ya bar shi a buɗe yana jira. Na dubi jingar, ga ta nan a gabanmu, ciyawa ta rufe wurin tuntuni. Sannan na ce:

"Na uku, Yaya. Da fartanya. Ni ne. Ka yafe mini."

Ya miƙa hannu ya laluba igiya, ya girgiza gwangwanaye sau ɗaya.

"Ka ci," in ji shi. "Ita kaɗai ka ci da guminka a daminar nan. Shekara goma sha ɗaya ina jiran amsar nan, ban taɓa ganin ɗalibi mai nawa irinka ba. Na yafe. Kunna mana wanda ba ka ji ba, in akwai."

Kuka nake ina dariya, na laluba na danna. Muka ji sabon shiri tare, ya ci takwas na ci ɗaya, na yi kukan akuya har muryata ta dushe, kuma ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na ranar ba. Muna cikin haka wani garken jan-baki ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya nufo mu kai tsaye. Yaya yana fuskantar wajen, igiya na hannunsa, amma bai motsa ba. Sai da na fizge ta na ja, sannan ya zabura. Na juya na dube shi da kyau, karo na farko a kusa haka tun shekarar ruwa. Idanunsa duka biyu sun yi fari-fari, wata farar yana ce ta lulluɓe su.

"Yaya, ba ka gan su ba?"

"Tun bara ba na ganinsu," in ji shi. "In na ji ka ja taka igiyar, sai in ja tawa."